Yadda ake ba mutum shawara ba tare da ka jefa shi a rami ba

Tambayar nan ta yi yawa wallahi, kusan kullum sai wani ya turo min ita ta wata fuska: wane ya kawo min matsalarsa me zan ce masa, ƙawata ta ce in ba ta shawara ina tsoron kar in ɓata abu, ko kuma na ba da shawara lamari ya kwaɓe yanzu ni ake gani da laifi. Toh bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya daki-daki yadda nake ganin ya kamata a bi. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan, kai mai ba da shawara kana gama magana za ka kama gabanka, shi wanda ya tambaya shi ne zai haɗiye maganin, shi zai zuba kuɗin, in mace ce ita za ta koma gidan ko ta bar shi. Shi ya sa Annabi (SAW) ya ce wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi, hadisin yana cikin Abu Dawud da Tirmizi. Kuma yawancin ɓarnar da nake gani ba mugun nufi ke kawo ta ba, rikita tsari ne, mutum ya fara da amsa alhali a jerin nan amsa ita ce ta shida. Don haka dan Allah a bi su a jere, kar a tsallake.

Abin da za ka tanada

Ba wasu kaya ne masu yawa ba. Takarda da biro ko wurin rubutu na cikin wayarka, saboda idan mutum yana zuba labari mai tsawo sai ka manta abin da ya faɗa a farko, kuma sau da yawa a farkon nan ne ƙullin yake. Lambar kiran gaggawa ta ƙasar da mutumin yake, ba taka ba, a ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce, Amurka da Kanada 911, Birtaniya 999, ka nemo wadda ta shafe ku ka adana tun kafin ranar buƙata. Sai mutum biyu ko uku da ka san da gaske sun san aikinsu, nas ko likita, lauya, makanike, malamin da ya yi karatu, waɗanda za ka iya bugawa ka ce dan Allah ga wani abu ya sha min kai.

Kuɗi kam ba ya ci sai ɗan data da katin waya. Abin da yake ci lokaci ne, shawarar kirki a kan matsala mai nauyi da wuya ta gaza rabin awa, in ba ka da wannan lokacin gara ka ce "bari in gama abin da nake yi zan neme ka da daddare" a kan ka jefa masa layi biyu kana tafiya. Yana kuma iya cin zumunci, wannan za mu zo kansa.

1. Fara da duba ko abin gaggawa ne

Kafin komai, kafin ma ka gama jajanta masa, tambayi kanka: shin akwai ran da ke cikin haɗari a yanzu-yanzu? In akwai to babu sauran shawara, aikinka kawai ka tura shi inda ya dace, kuma ka faɗa da kakkausar murya ba da "da dai ka je asibiti in ka samu lokaci" ba.

Waɗanda ba a jira da su: ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an ɗora masa dutse, musamman in yana tafiya hannu ko muƙamuƙi ga gumi na karyowa. Baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta harɗe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce kuma maganin da ke narkar da gudan jinin a cikin awa 4 da rabi na farko ake ba da shi, duk mintin da aka ɓata ana tofi ana shafa mai ƙwaƙwalwa ce ke mutuwa, a yi addu'ar a cikin mota ana tafiya. Jaririn da bai kai wata 3 ba ya yi zazzaɓi ma'auni ya nuna 38 ko sama. Mai juna biyu tana zubar da jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi. Cizon kare, a wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15 sannan a tafi neman allura, domin ciwon haukan kare in har alamominsa suka bayyana kusan ba a tashi. Wanda ake tsoron ya ɗauki HIV, ta hanyar fyaɗe ko allura ta soke shi, akwai maganin kariya amma dole a fara shi cikin awa 72, in ka ce masa ya bari sai sati mai zuwa ka rufe masa ƙofar.

Gargaɗi: yaro ya sha kananzir ko fetur ko ruwan wankin banɗaki, kar ka taɓa cewa a sa shi amai. Aman ne ke kai shi huhu ko ya sake ƙona maƙogwaro a hanyar fitowa. Haka wanda ya sha farasitamol da yawa ya ce maka ai garau yake ji, kar ka yarda, illar hanta sai bayan kwana ɗaya zuwa uku take fitowa, a tafi asibiti yanzu da kwalin maganin a hannu.

Sai wanda mutane suka fi tsoro, wato mutum ya ce na gaji da rayuwa, gara ma in mutu kowa ya huta. Kar ka ce "haba kai kuwa daina wannan maganar" ka canza zance, kuma kar ka buɗe masa wa'azin wuta a wannan lokacin. Tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa: kana tunanin kashe kanka ne? ka shirya yadda za ka yi? abin yana kusa da kai? Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da nuna cewa tambayar ba ta sa wa mutum tunanin a rai, sau da yawa ma sauƙi yake ji an samu wanda ya ji shi. In ya ce eh, kar ka kashe wayar, ka nemi wani na kusa da shi ya je ya zauna da shi, a kawar da magunguna ko makami daga ɗakin, a kai shi ga likita.

2. Gano ainihin abin da yake nema

Wannan gajere ne amma ana yawan faɗawa. Ba duk wanda ya ce "me kake gani" ne ke son shawara ba. Wani so yake ya amayar da abin da ke cinsa, wani ya riga ya yanke hukunci yana neman wanda zai sa masa hannu ne don gobe ya ce ai wane ne ya ce in yi, wani kuma bayani kawai yake so, ina ake zuwa, wace takarda ake kaiwa. Ka tambaya kawai: "so kake in saurare ka ko so kake in faɗa maka abin da nake gani?" Za ka yi mamakin yawan masu cewa ni dai ka saurare ni.

Gargaɗi: mai neman sa hannu ana gane shi, duk abin da ka faɗa wanda bai yi daidai da son ransa ba sai ya kawo "amma". In ka ji amma ta uku ka tsaya, ka ce masa ina ganin ka riga ka yanke, faɗa min me ka yanke sai mu duba shi tare.

3. Yi tambaya kafin ka buɗe baki

Nan ne aikin yake, kuma nan zan daɗe. Mutane ba sa kawo matsala cikakkiya, ba wai don ƙarya ba, kawai ba su san wane bayani ne ke da muhimmanci ba. Duba wannan:

"Yaya dan Allah wane magani ne mai kyau na ciwon baya, kwana biyun nan ba na iya barci."

Mai gaggawa zai rubuto ibufurofen ko dikilofenak shikenan ya wuce, ai ya taimaka. Amma ga yadda take kasancewa in an tambaya.

"Sannu ƙanwata, Allah ya sawwaƙe. Tun yaushe? ta ina yake miki, tsakiya ko gefe? akwai zazzaɓi ko zafin fitsari? kina shan wani magani yanzu? kina da olsa ko ciwon ƙoda? ki yi haƙuri da tambayar, akwai ciki?"

"Eh wata bakwai ne, kuma ina ɗan jin sanyi-sanyi da daddare, gefen dama ne."

Ka gani ko? Maganin da za ka faɗa mata tun farko irin wanda ake hana mai ciki ne, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka tun 2020 ta ce a guje su daga sati na 20 sai in likita ya ce, sannan ciwon gefe da zazzaɓi ga mai ciki yana iya zama ciwon ya hau ƙoda, wanda ba na zama a gida ba ne. Tambaya shida ta mayar da ita mataki na ɗaya.

Tambayoyin da kusan ko'ina suke aiki su ne: tun yaushe abin ya fara, me ka riga ka gwada kuma me ya faru, wa ka riga ka tambaya me ya ce, akwai ranar da dole ka yanke kafin ta, sannan me kake tsoron ya faru. Ta ƙarshen nan ita ce ke fito da gaskiyar magana. In lafiya ce ka ƙara shekaru, ciki ko shayarwa, da magungunan da yake sha. In doka ce ko aiki ko haya ko takardun tafiya, tambayar farko a wace ƙasa kake, wani lokacin ma wace jiha, saboda abin da yake haƙƙinka a nan wata ƙasar laifi ne, kuma yawancin ƙararraki suna da wa'adin da in ya wuce kotu ba za ta saurara ba. In waya ce ko kwamfuta ko mota, wane samfuri, kuma me ya taɓa ko ya canza kafin ta fara. Ka ce ya turo hoton takardar ko kwalin ko abin da allon ya rubuta, kar ka dogara da "wani abu dai ya rubuta da ja".

Gargaɗi kan rikicin aure da na 'yan'uwa da na abokan kasuwanci: ɓangare ɗaya ka ji. Ko mai maganar waliyyi ne, labarin da ya ba ka daga inda yake tsaye ya gan shi. Lokacin da Annabi (SAW) zai tura Sayyidina Ali Yaman yin alƙalanci ya ce masa kar ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin na biyu kamar yadda ya ji na farko, to kai da ba alƙali ba kuma ba za ka taɓa jin na biyun ba fa? Kar "ki fita kawai" ko "sake ta ka huta" ta fito daga bakinka a kan labarin minti goma. Tambayi: in shi aka tambaya me kike ganin zai ce? an taɓa zama da manya? me ya faru daf da abin?

Amma akwai inda wannan ba ya aiki, wato duka. In ta ce yana dukanta, musamman in ya taɓa shaƙe mata wuya ko ya yi barazanar kisa, ka bar maganar jin ɓangare biyu, ka kuma bar "ki yi ta haƙuri". Fara da tambayar "wayar nan ke kaɗai ke buɗe ta?" don kar saƙonka ya zama sanadin wani dukan. Kuma kar ka zuga ta ta tunkare shi ko ta sanar da shi za ta tafi, masu aiki da irin waɗannan matan sun san lokacin rabuwa shi ne mafi haɗari, ana shirya shi ne a ɓoye da wani amintacce da wurin zuwa da takardunta a hannu.

4. Auna iyakar saninka

Yanzu ka ji labari, sai ka juyo kanka. Abin da za ka faɗa daga ina ka samo shi? Gida uku ne: abin da ka karanta ka ƙware a kai, abin da ya taɓa faruwa da kai, da abin da ka ji ana faɗa. Na farko kana iya faɗa da ƙarfi. Na biyu ka faɗa amma ka sa masa alama, "ni dai lokacin da ya same ni ga abin da aka yi min, naka zai iya bambanta". Na uku ka riƙe bakinka har sai ka bi mataki na biyar.

Akwai hadisin Jabir a Abu Dawud da nake so duk mai saurin ba da amsa ya sani. Suna cikin tafiya dutse ya fasa wa wani mutum kai, da dare ya yi mafarki, ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce ba mu ga kana da sauƙi ba tunda ga ruwa, ya yi wanka ya mutu. Da labari ya kai ga Annabi (SAW) ya yi fushi ƙwarai ya ce sun kashe shi, me ya hana su tambaya tunda ba su sani ba, ai maganin rashin sani tambaya ce. Mutanen nan ba maƙiyansa ba ne fa, abokansa ne, kuma a ganinsu addini suke karewa.

"Ban sani ba" amsa ce cikakkiya, amma kar ka tsaya a nan, ka haɗa da "ga wanda ya sani". Kuma turawar ta zama mai amfani, "je ka ga likita" kawai kamar kora ce. Ka ce wane irin likita, ya tafi da kwalayen magungunan da yake sha, ya rubuta ranar da abin ya fara, ga tambaya biyu da zai yi in ya shiga. In lauya ne ya haɗa yarjejeniya da rasit da saƙonnin da suka yi musaya.

Gargaɗi: ko da kai ma'aikacin lafiya ne, ba ka taɓa mutumin ba, ba ka auna shi ba. Kar ka ce wa kowa ya daina maganin da likitansa ya ɗora shi a kai. Maganin hawan jini, na suga, na farfaɗiya, na taɓin hankali, firedinisolon (maganin rage kumburi) ga wanda ya daɗe yana sha, duk yanke su farat ɗaya na iya kwantar da mutum. Na tarin fuka yawanci wata 6 ne, wanda ya daina a wata na biyu don ya ji sauƙi yana iya dawowa da irin wanda ba ya jin magani. In yana kukan maganin na wahalar da shi, amsar ita ce koma ka faɗa wa wanda ya rubuta maka a canza.

5. Tabbatar kafin ka faɗa

Duk abin da ke da lamba a ciki, adadin ƙwaya, kwanan wata, kashi nawa cikin ɗari, sashe na nawa na doka, kar ka faɗe shi da ka. Duba. Na magani takardar nan da ke naɗe cikin kwali wadda kowa ke yarwa ita ce farkon wurin dubawa, sai mai ilimin magunguna a kemis. Misali farasitamol babba ba ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki, sai mutum ya haɗa biyu ya zarce bai sani ba. Na yara da nauyin jiki ake lissafawa ba wai a raba na babba biyu ba. Asfirin a Birtaniya ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba sai da umarnin likita saboda wani ciwo da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Na doka da takardu ka je shafin hukumar da kanta ka duba kwanan watan bayanin, dokoki suna canzawa, abin da ya yi wa yayanka aiki shekara biyar baya wataƙila an soke shi.

Gargaɗi: "likita ne ya faɗa" ko "bincike ya nuna" ba hujja ba ce ita kaɗai. A 1998 wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, ya fitar da rahoto a mujallar Lancet a kan yara 12 yana danganta rigakafin ƙyanda da otizim (lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro), daga baya aka gano an yi maguɗi, a 2010 mujallar ta janye rahoton shi kuma aka soke masa lasisi, amma har yau ana yawo da maganar a wayoyi iyaye na hana yara allura. Haka manhajojin AI ɗin nan, suna taimakawa wajen fahimtar abu amma suna iya kawo maka ƙarya da cikakken ƙarfin hali har da sunan littafin da babu shi, kar ka kwafo ka tura wa mutum kamar kai ka sani. Saƙon da aka yi ta turawa har aka rasa mai shi kuwa, wannan ko kallo bai isa ba.

6. Yanzu ka ba da amsar

Sai a nan. Ka fara da maimaita abin da ka fahimta a layi biyu, "in na gane daidai, kaza da kaza ne, haka ne?" don in ka ji ba daidai ba ya gyara maka tun kafin ka gina a kai. Sannan ka kawo hanyoyin da ke gabansa, biyu ko uku sun isa, kowace da abin da za ta ci masa, har da hanyar kar a yi komai tukuna, wadda mutane ke mantawa hanya ce. Sannan ka faɗi wadda kai ka fi karkata gare ta da dalili. Kar ka ɓoye ra'ayinka don tsoron laifi, wanda ya zo wurinka ya tafi da "duk yadda ka gani" bai samu komai ba. Daga ƙarshe ka gaya masa alamar da in ya gani ya san hanyar ba ta ɓulle ba, da abin da zai yi a lokacin.

Ka fifita matakin da ake iya dawowa daga gare shi. Ɗaukar hutu kafin ajiye aiki, kwafe hotuna da lambobi kafin a goge waya gaba ɗaya, rubuta saƙon fushi a bar shi ya kwana kafin a tura. Duk abin da in an yi shi ba ya warwaruwa, saki, sayar da gida, sa hannu a takarda, tsayawa wani lamuni a banki, ka ce ya ƙara jin bakin wani bayan kai.

Ga misalin kuɗi, tunda shi ne na biyu a yawa bayan lafiya. Aboki ya ce an kawo masa wata harka ana ba da riba kashi 30 duk wata, wanda ya kawo shi har ya nuna masa alat. Amsar da ta dace kusan haka take: "Abokina gaskiya ni ban yarda da ita ba, ga dalilina. Ba su faɗi takamaiman me suke saya suke sayarwa ba, ribar ba ta hawa ba ta sauka, kuma ana ƙara maka in ka kawo wani. Ka duba ko suna da rajista da hukumar da ke kula da zuba jari a ƙasarka, ka tambaye su in kana son uwar kuɗinka gobe za su ba ka? Kuɗinka ne kai za ka yanke, amma dan Allah kar ka ci bashi ko ka taɓa kuɗin haya." Tsohon salon damfara ne, Charles Ponzi a birnin Boston na Amurka a 1920 ya yi alƙawarin kashi 50 cikin kwana 45 yana biyan na farko da kuɗin na baya, Bernard Madoff ya yi irinta shekara da shekaru har aka kama shi a 2008 aka yanke masa shekara 150. Alat ɗin da aka nuna masa na gaske ne, kuɗin wani ne kawai.

Gargaɗi: in kana da wani amfani a cikin abin, kamasho, ko kai ke sayar da kayan, ko ɗan'uwanka ne mai kamfanin, ka faɗa tun a layin farko. In ka ɓoye daga baya ya gano, ko shawarar ta yi kyau ka zama maci amana a idonsa. Kuma kar ka karɓi fasawod ko lambar katin banki ko lambar nan da banki ke turowa ta tes don wai za ka taimaka masa, ka koya masa ya yi da hannunsa, ka kuma gaya masa ko wanda ya ce daga banki yake bai isa a ba shi ba.

Kan lafazi kuma, ka bar "ai da ka", "tun farko me ya kai ka", ya riga ya yi wa kansa wannan faɗan kafin ya zo. In gaskiyar mai ɗaci ce ka faɗe ta sau ɗaya a fili ka wuce, ba sai ka yi ta nanatawa ba. In rubutu ne ka karanta shi sau ɗaya kafin ka tura, rubutu ba shi da murya, wasan da za ka yi a baki a yi dariya a rubuce zagi yake zama. Abu mai nauyi ma gara kira.

7. Rufe bakinka a kan sirrinsa

Ba sikirinshot, ba "wata ƙawata ce amma kar ki faɗa wa kowa". In dole ka tambayi masani a kan matsalar, cire suna da unguwa da wurin aiki da duk abin da zai sa a gane shi, kuma ya fi kyau ka nemi izininsa tukuna. Hotunan takardun da ya turo ka goge in an gama.

Gargaɗi: kar ka yi rantsuwar ba za ka faɗa wa kowa ba tun kafin ka ji mene ne. Ka ce "zan riƙe maka, sai dai in ran wani na cikin haɗari". In yaro ake cutarwa, ko mutum na shirin kashe kansa ko wani, dole a sanar da wanda zai iya hanawa ko da zai yi fushi da kai, kuma ka gaya masa za ka faɗa, kar ka zagaya ta bayansa.

8. Bibiya

Bayan kwana biyu ko uku ka tura "ya jiki, an samu zuwa?" ko "ya aka ƙare da maganar nan?". In abin gaggawa ne a ranar za ka bibiya, ba gobe ba. Sau da yawa a nan ne za ka ji bai je ba saboda ba shi da kuɗin mota ko yana jin kunya ko bai san ƙofar da zai shiga ba, kuma wannan ƙaramar matsalar ita ce wadda kai za ka iya warwarewa, ka raka shi ko ka nemo masa wanda zai raka shi.

In bai bi shawararka ba kar ka yi fushi kar ka ɗauke masa wuta, rayuwarsa ce, kuma yana iya sanin abin da kai ba ka sani ba. In ya dawo abin ya lalace ka haɗiye "ai na gaya maka", ku koma mataki na ɗaya da sabon halin da ake ciki. In kuma daga baya ka gano abin da ka faɗa ba daidai ba ne, ka kira shi a take ka gyara, ka faɗi takamaiman wane ɓangare ne kuskure da mene ne daidai, sannan ka tambaye shi ko ya riga ya tura wa wani, in ya tura a bi shi da gyaran shi ma.

Wanda kuma kullum yake dawowa da matsala ɗaya, an yi magana an yi magana ba abin da ya canza, ka gaya masa cikin mutunci cewa abin ya fi ƙarfinka, ka ba shi sunan irin masanin da ya dace, likitan ƙwaƙwalwa ko mai sulhun aure ko lauya, ka ce za ka taimaka masa ya samu ganinsa, kuma duk lokacin da ya sake ɗauko zancen ka tambaye shi ko ya je.